Dutsen Zagami da Ɗakin Adana Duwatsu na Jami'a

Wannan faɗakarwa ta shafi wani ɗaki da ba kasafai baƙo kan nemi shiga ba idan ya ziyarci jami'a, wato ɗakin adana samfuran duwatsu da ma'adinai na sashen ilimin duwatsu, ilimin da ke binciken abin da aka gina doron ƙasa da shi, da yadda ya samu, da yadda yake sauyawa a tsawon zamani. Sassan wannan ilimi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sukan tara samfura domin koyar da ɗalibai, samfur kuwa shi ne ɗan yankin dutse da aka ɓantaro daga mazauninsa domin ya wakilci sauran da aka bari a daji. Mutumin Faskari ko Sabuwa da ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Zariya yakan wuce ta bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru kafin ya shiga gari, amma da wuya ya kawo a ransa cewa irin duwatsun da ya baro a bayan gonarsa su ne ake jerawa a kan kanta ana karantar da ɗalibai da su.

Abin da ya fara raba dutsen ɗakin adana da dutsen bakin hanya shi ne takardar da ke tare da shi. Kowane samfur akan ɗiga masa farin fenti a gefe ɗaya a rubuta lamba a kai, lambar nan kuma tana cikin littafin rajista inda aka rubuta sunansa, da wurin da aka ɗauko shi, da ranar da aka ɗauko shi, da sunan wanda ya ɗauko. Samfurin da takardarsa ta ɓace, ko da ya fi duk na kusa da shi kyan gani, amfaninsa ga mai bincike kaɗan ne, domin ba a iya komawa inda ya fito a ƙara bincike, ba a kuma iya sa shi a kan taswira. Wannan magana ta rajista za ta sake tasowa idan aka zo kan dutsen da ya fi kowane dutse a yankin Faskari suna a duniya.

Galibi sashe na farko da baƙo zai tarar shi ne na ma'adinai da duwatsu, kuma a nan ne ake fara bambanta abubuwa biyu da bakin jama'a ya saba gwamawa. Ma'adini abu ne guda mai haɗin sinadari sananne da tsarin ƙwayoyi na kansa, kamar zinare ko gishiri ko kanwa, shi kuwa dutse tarin ma'adinai ne da suka manne da juna. Wanda ya ɗauki ɓarin giranit, wato dutsen nan mai dabbare-dabbare da ake fasawa a yi tsakuwar gini, ya duba shi da kyau a rana, zai ga ma'adinai uku da ido: kwaz, mai kama da fasasshen gilashi; felsifa, mai launin fari ko ja-ja, wanda ke ƙyalli idan aka karkata shi; da maika, baƙi ko mai ruwan azurfa, wanda ake iya ɓare shi salo-salo da farce. Girman ƙwayoyin ma yana da abin da yake nunawa, domin narkakken dutsen da ya huce sannu a hankali a can ƙarƙashin ƙasa yakan fitar da manyan ƙwayoyi, wanda kuwa ya malalo sarari ya huce da sauri ƙwayoyinsa sukan yi ƙanƙanta har ido ya kasa rarrabe su.

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna zaune ne a kan abin da masana ke kira tsohon tushen dutse na Nijeriya, wato daɗaɗɗun duwatsu masu tauri waɗanda sauran shimfiɗun ƙasa suka hau kansu. Manyan duwatsun giranit masu sanƙon kai da ke tsaitsaye a wannan yanki, 'yan'uwan Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi ta Zamfara, sun daskare ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, a zamanin da manyan sassan ɓawon ƙasa suka yi karo da juna suka haɗa abin da ya zama nahiyar Afirka. A lokacin suna binne a nisan kilomitoci a ƙasa, ruwa da iska ne suka yi ta kwashe abin da ke kansu har suka bayyana. Waɗannan alƙaluma ba da ka ake faɗarsu ba: wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin dutsen suna ɗauke da yuraniyom, wanda ke rikiɗewa ya koma dalma bisa wani ƙayyadadden sauri da aka auna, saboda haka idan aka gwada yawan yuraniyom ɗin da ya rage da yawan dalmar da ta taru, sai a lissafa tsawon lokacin da ƙwayar ta yi tun da ta daskare.

Farar ƙasar da aka san Ƙanƙara da ita, wadda masana ke kira kawolin, daga irin waɗannan duwatsu ta fito. Ruwan sama da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da ɗan tsami, idan ya daɗe yana jiƙa felsifa sai ya wanke wasu sinadarai daga jikinta ya bar farin yumɓu mai laushi, wanda idan aka murza shi a tsakanin yatsu yake sulɓi, idan kuma aka taɓa busasshensa da harshe yake mannewa. Ana shigar da shi cikin fenti da takarda da tangaran da alli da wasu magunguna, darajarsa kuma tana bin farinsa da ƙarancin yashi da tsatsar ƙarfe a cikinsa. Ɗakin adana da aka tsara da basira yakan jera giranit lafiyayye, da wanda ya fara ruɓewa, da farar ƙasa tsantsa, a layi ɗaya, ta yadda mai haƙar farar ƙasa zai ga da idonsa asalin abin da yake lodawa a buhu.

Zinare kuwa labarinsa daban ne. A arewa maso yammacin Nijeriya akwai dogayen zirin wani dutse mai faifai-faifai da ake kira shist, waɗanda suka miƙe daga kudu zuwa arewa ta Birnin Gwari da Maru da Anka, a cikinsu kuma akwai jijiyoyin farin kwaz da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa ya cika tsagogin dutse da su, ya bar zinare a wasu wurare. Sabuwa tana iyaka da ƙasar Birnin Gwari, Faskari da Ƙanƙara kuma suna iyaka da Zamfara, don haka haƙar zinare ba baƙon zance ba ce a kasuwannin yankin. Abin da ɗakin adana zai ƙara wa mai wannan sana'a shi ne hanyar gwaji. Akwai wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ake kira fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda ya sha yaudarar mutane: idan aka buga shi da guduma farfashewa yake yi, alhali zinare lotsawa yake yi ya baje, idan aka goga shi a bayan fasasshen tangaran baƙin zane yake bari, zinare kuwa rawaya, wuƙa ba ta kankare shi, amma tana yanka zinare. Gwajin tauri yana da ma'auni da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, inda lu'ulu'u ke kan 10, kwaz ke kan 7, zinare bai wuce 3 ba, farcen mutum kuma ke wajen 2 da rabi.

A kanta ɗaya da zinare ya kamata baƙo ya nemi a nuna masa galina, ma'adinin dalma mai nauyi da ƙyallin toka-toka, wanda ke fashewa gida-gida mai kusurwa huɗu, kuma shi ne ake niƙawa a yi wani nau'in kwalli. A 2010 aka gano cewa duwatsun zinaren da ake kaiwa cikin gidaje ana dakawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, suna cike da dalma, ƙurarsu ta shiga abinci da ruwa da ƙasar da yara ke wasa a kai, aka rasa yara kimanin 400. Gubar dalma ba ta da wari ko ɗanɗano, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun kafin alama ta fito fili, shi ya sa ake hana daka dutsen ma'adini a turmin abinci ko a tsakar gida, ake kuma so mai haƙa ya wanke jikinsa ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Sashe na biyu shi ne na burbushin halittu, wato ƙashi ko haƙori ko ƙwanso ko sawu na wata halitta da laka ta binne tun da daɗewa har ma'adinai suka maye gurbinsa ya koma dutse. Mai neman irin wannan a duwatsun Faskari zai sha wahalar banza, domin dutsen da ya taɓa narkewa, ko zafi da matsi suka toya shi, ba ya barin alamar wata halitta a cikinsa. Sai an nausa yamma zuwa ƙasar Sakkwato, inda shimfiɗun laka da yashi suka kwanta bisa tsohon tushen, ake samun su. Kimanin shekaru miliyan 70 zuwa 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau ya rufe wannan yanki, dutsen da masana'antar siminti ta Kalambaina ke ƙonawa kuwa tarin ƙwanson halittun wannan teku ne, ana kuma tsintar haƙoran kifaye da ƙasusuwan kadoji da kunkuru a shimfiɗun Dange da Dukamaje. Wani ƙaton mai jan ciki na ruwa da aka fara bayyana ƙasusuwansa a 1930, wanda masana daga Italiya suka sake nazarinsa, an ba shi sunan Goronyosaurus a 1972 saboda ƙasar Goronyo. A Nijar kuwa, a Gadufawa ta jihar Agadas, aka tono ƙasusuwan kadan nan Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye, da na wata dabba mai suna Nigersaurus mai haƙora fiye da 500, kuma Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana baje kolin irin waɗannan ƙasusuwa ga jama'a.

Sashe na uku yakan fi sauran ƙanƙanta, wani lokaci akwatin gilashi ɗaya ne tak, ko ma hoto kawai, domin abin da ke cikinsa tsada gare shi kuma samunsa sai an dace. Shi ne na duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya. Mafi yawansu ɓaraguzai ne na wasu ƙananan duniyoyi da ke kewaya rana a tsakanin Mars da Jufita, shekarunsu sun kai kimanin miliyan 4,560, suna kuma shigowa iskar da ta lulluɓe duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ba, gogayya da iska ta sa fatarsu ta narke ta yi haske, galibinsu su ƙone ƙurmus tun kafin su iso ƙasa. Wanda ya tsira yakan iso da siririn baƙin ɓawo a jikinsa, kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba.

A nan ne sunan ƙasar Faskari ya shiga littattafan kimiyya na duniya. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, kwana ɗaya kafin buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da Dutsen Zagami, a lardin Katsina na wancan lokaci, sai ya ji ƙara mai tsanani, iska ta buge shi, wani abu ya faɗi a tazarar kimanin mita 3 daga inda yake tsaye ya nutse cikin ƙasa fiye da rabin mita. Da aka tono shi sai aka tarar dutse ne guda mai nauyin kilo 18. Aka kai shi Kaduna, ofishin hukumar binciken duwatsu ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1919, aka ajiye shi a ɗakin adana kayanta da sunan wurin da ranar faɗuwarsa. Bisa al'adar masana, dutsen samaniya yakan ɗauki sunan wurin da ya faɗo, don haka har yau Zagami ake kiransa a Amurka da Jamus da Japan.

Shekaru da dama ba a san daga ina ya taso ba, sai dai an lura cewa bai yi kama da sauran ba. Cikinsa toka-toka ne mai ƙananan ƙwayoyi, irin dutsen da ke samuwa idan aman wuta ya huce, awo kuma ya nuna cewa ya daskare ne kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce, wanda yaro ne ƙwarai idan aka gwada shi da sauran duwatsun samaniya. Ƙananan duniyoyin nan sun daɗe da hucewa, ba su da zafin da za su narkar da dutse a wannan ɗan lokaci na baya-bayan nan, saboda haka dole ya fito daga babbar duniya wadda cikinta bai mutu ba. Hujjar da ta yanke gardama ta zo ne daga iska. A 1976 kumbunan Viking guda biyu na Amurka suka sauka a duniyar Mars suka auna haɗin iskarta. A 1983 aka gano cewa iskar da ta maƙale a cikin wani dutse dangin Zagami da aka tsinta a Antatika ta yi daidai da wancan awo. A 1995 kuma aka samu irin wannan iska a cikin ƙananan ɗigogin baƙin gilashi da ke jikin Zagami kansa. Gilashin ya samu ne lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗa wa Mars da ƙarfin da ya narkar da wasu sassan dutsen nan take, ya kulle iska a ciki, ya kuma cilla ɓaraguzai sama da saurin da suka kuɓuce wa jan duniyar. An ƙiyasta cewa Zagami ya yi kimanin shekaru miliyan 3 yana kewaya rana kafin hanyarsa ta haɗu da gonar mutumin nan.

Duwatsun Mars da aka tsinta a duniya sun kai ɗaruruwa, galibi a Sahara da Antatika, amma guda 5 ne kawai aka ga faɗuwarsu da ido: Chassigny a Faransa a 1815, Shergotty a Indiya a 1865, Nakhla a Masar a 1911, Zagami a 1962, da Tissint a Maroko a 2011. Darajar wanda aka ga faɗuwarsa ita ce an ɗauke shi kafin ruwa da ƙasa su gurɓata shi, an kuma san tarihinsa tun daga ranar farko. Da manomin nan ya jefar da shi a kan iyakar gona, ko da wanda ya karɓa bai rubuta wuri da rana ba, da ba a yi wannan zance ba. Wajen 1988 wani Ba'amurke mai fataucin duwatsun samaniya, Robert Haag, ya samu babban yanki nasa ta hanyar musaya, daga nan aka yi ta yanka shi ƙanana-ƙanana ana rarrabawa ga ɗakunan bincike da masu tara kayan sha'awa, har ya zama ɗaya daga cikin duwatsun Mars da aka fi nazari. A 1996 aka liƙa wani ɗan ƙwaya nasa a jikin na'urar awo ta kumbon Mars Global Surveyor, wanda ya isa Mars a 1997 ya shiga kewaya ta. Abin takaici ne a ce ɗalibin Amurka ya fi ɗalibin Faskari sauƙin ganin wannan dutse, kuma gyaran wannan bai fi ƙarfin jami'o'in yankin da hukumomin ilimi na jiha ba.

Zagami ba shi kaɗai ne ya faɗo a arewacin Nijeriya ba, akwai na Kabo a Jihar Kano a 1971, da na Mayo Belwa a Adamawa a 1974, da na Gujba a 1984, sai dai waɗannan daga ƙananan duniyoyi suka fito. Yanzu kuwa harkar ta zama ta kuɗi. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutsen Mars mai nauyin fiye da kilo 24 a jihar Agadas, wanda ya karɓe wa Zagami matsayinsa na mafi girma, aka yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yuli na 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Irin wannan labari yakan sa kowane baƙin dutse ya zama abin zato, alhali mafi yawan abin da ake kai wa masana da sunan dutsen sama marmara ce, ko kashin maƙera daga tsofaffin wuraren narkar da tama. Kashin maƙera yana da ƙofofi kamar soso, dutsen samaniya kuwa ba kasafai yake da su ba. Gatarin aradu ma, wanda ake tsinta a gonaki ana cewa tsawa ce ta jefo shi, aikin hannun mutanen dā ne da suka wasa dutse suka yi makami tun kafin a san ƙira. Yawancin duwatsun samaniya sun fi dutsen gida nauyi kuma maganaɗisu yana kama su saboda ƙarfen da ke cikinsu, amma irin Zagami maganaɗisu bai cika jansa ba, don haka hukunci na ƙarshe sai an yanki ɗan siririn yanki an duba a madubin ƙara girma a ɗakin bincike.

Wanda ya ga faɗuwar irin wannan dutse, ko ya tsinci wanda yake zargi, ana so kada ya wanke shi, kada ya fasa shi, kada ya shafa masa mai. Ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance idan yana da waya, ya sa shi a leda mai tsabta, ya rubuta sunan wurin da rana da lokaci, sannan ya sanar da mai unguwa ko dagaci kafin a tuntuɓi sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa ko ofishin hukumar binciken duwatsu da ke Kaduna. Game da ma'adinan da ke cikin ƙasa kuwa, dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora mallakarsu a hannun Gwamnatin Tarayya, haƙarsu kuma sai da lasisi. Makarantar sakandare da ke son kai ɗalibanta ziyara sai shugabanta ya rubuta wa shugaban sashen takarda tun da wuri, ya faɗi yawan ɗalibai da ajinsu, domin a ware malami ko ma'aikacin da zai buɗe akwatuna ya bar yara su riƙe samfuran da hannu. Yana da kyau kuma kowane ɗalibi ya taho da dutse ɗaya daga garinsu, da takardar da ke nuna inda ya ɗauko shi, domin a faɗa masa sunansa a gwada shi da na kan kanta.